Masakin ’Yar Fari

Da sunan Wanda ya ba ido gani, ya ba hannu zane, ya ba tsufa mantuwa. Ku gyara zama ku ji labarin ƙasar da ba a shigarta da raƙumi, ba a shigarta da jirgi, ƙasar da faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, amma na yi gudu a cikinta har ƙafata ta tsage. Ni ce Gwamma ’yar Tunau mai zayyana, ta birnin Kurmin Shuni da ke bayan tekun Baƙin Gishiri. Ban fita neman dukiya ba, ban fita neman ilimi ba. Uwata na fita nema.

Sana’ar ubana ita ce ƙawata littattafan malamai da ja da rawaya, a hannunsa kuma na koya. Amma yana da wani littafi nasa na kansa, falle arba’in a cikin gafaka, babu rubutu ko ɗigo, sai zane. Maƙwabta suna kiransa littafin shirme, ba su kuma yi ƙarya ba. Akwai tulu da rawani, akwai kifi da takalmi, akwai kogi a tsaye. Mu ’yan gida ne kaɗai muka san cewa kowane falle gutsuren tatsuniyar Inna ne. Ita ke faɗi, shi ke zanawa, in ya zana ba daidai ba su yi ta musu har tuwo ya huce.

Littattafanmu ba a ɗinke su. A gindin kowane falle akan rubuta kalmar farko ta falle na gaba, don in sun zube a gane jerinsu. Na Baba ba shi da kalma, saboda haka jerinsa yana cikin kan Inna kawai.

Ni ce ’yar fari, kun kuwa san al’ada, uwa ba ta kiran sunan ’yar fari. Shekara arba’in da biyu ban taɓa jin Gwamma a bakinta ba. “Ke” take ce mini, in ranta ya yi fari ta ce “waccan”. A tatsuniyoyinta ma ’yar fari ce kullum mai baƙin hali, mai haɗama, wadda ke zagin tsohuwa a hanya ta dawo gida da bala’i, auta kuwa ta auri ɗan sarki. Na taɓa tambayarta don me, ta ce haka aka tarar.

Da Baba ya rasu, kan Inna ya fara zubewa. Ƙannena biyu suna aure a garuruwa masu nisa, sukan aiko da gaisuwa da turare. Ni na yi shekara uku ina wanke shimfiɗarta, ina ba ta abinci a baki, ina amsa tambaya ɗaya sau ashirin kafin azahar. Ba zan ɓoye muku ba, na gaji, gajiyar da barci ba ya warkarwa.

Ranar da abin ya faru, da sassafe ta zazzage gafakar Baba a tsakar ɗaki. Na tattara fallayen yadda suka zo hannuna, na dunƙule su a kan tabarma gindin taga. Na ɗora mata ruwan wanka na kai makewayi, na koma kan aikina. Sai na ji ta tana kira.

“Ke, zo ki cuɗa mini baya.”

“Inna,” na ce, “ni ma ina da baya. Wa ya taɓa cuɗa mini?”

Na faɗa da ƙarfi don ta ji, ta kuwa ji. Na ci gaba da niƙa rawaya ina huci. Da hantsi ya ɗaga zuciyata ta sauko, na je makewayi, na tarar da ruwa ya huce ba a taɓa shi ba. Na duba ɗaki. Takalmanta na nan a jere a bakin littafin. A fallen da ke sama, cikin taron mutanen da Baba ya zana, ga wata ’yar tsohuwa da shuɗin zane ta juya baya tana tafiya. Baba bai taɓa zana bayan mutum ba.

Na ɗora yatsa a kanta, yatsa ya nutse. Na tura hannu har kafaɗa, na bi shi.

Na faɗo a tsakiyar biki. Ana kiɗa, ana guɗa, garin kuma rabi ne. Kowane gida an yanke shi biyu, kowane jaki ƙafa biyu gare shi da kunne ɗaya, don sarkinsu ya yi ta kyautar rabin gari ga jarumai har ya zama rabin rabin rabi ya rage. Na kama wata mai guɗa na ce, “Baiwar Allah, wa ake wa biki?”

“Wanda ya kashe dodo.”

“Yana ina?”

“Bai zo ba tukuna. Mu dai mun waye gari mun ga kanmu muna biki, hannun makaɗa har ya kumbura.”

Nan na gane aikina ne. Fallen ƙarshe na ɗora a sama.

Dogarai suka kewaye ni, ludayai ne dogaye riƙe da masu, suka kai ni gaban sarki, wato tulun nan mai rawani. Muryarsa ta fito daga can cikin cikinsa tana amsa kuwwa. “Baƙuwa, ke ta nawa ce a ɗakinku?”

“Ranka ya daɗe, ’yar fari. Uwata nake nema, wata tsohuwa mai shuɗin zane.”

Kiɗa ya tsaya. Sarki ya yi ajiyar zuciya har ruwan cikinsa ya kaɗa. “’Yar fari ba ta samun abin da ta fito nema,” ya ce. “Ba ƙiyayya ba ce, haka aka zana. A kai ta wurin ’yan’uwanta, ta jira autarsu ta zo ta cece ta.”

Na yi roƙo, na durƙusa, na ce autarmu tana da goyo, ba za ta zo ba. Ba wanda ya saurare ni. Suka jefa ni wani garke bayan fada, cike da duwatsu masu fuska. Duk ’yan fari ne da suka yi wa wani tsoho rashin kunya aka mai da su dutse. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Ɓarau, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Ke ma mai kauri ce, irin tsohuwar da ta wuce ɗazu.”

“Ka gan ta? Ina ta bi?”

“Gabas, wajen rijiyar dodo. Amma ’yar’uwa, dubi bangon can.” Na duba, na ga ƙuda a manne, shimfiɗe, fukafukansa sun zama layi biyu na tawada. “Shi ma da kaurinsa ya shigo,” in ji Ɓarau. “Inuwa ce ke fara tafiya, sannan baya ya yi ta siranta. Kafin hasken tagarku ya bar takarda, an gama.”

Na dubi ƙasa. Ba ni da inuwa. Inna kuwa ta riga ni shigowa da nisa. Na ji kamar in kwanta in yi ta birgima. Abin da ya hana ni shi ne na lura da dogarin da ke bakin garke. Da ya ɗan karkata don ya yi tari, sai ya ɓace, ya zama siririn layi. Na tuna cewa mutanen Baba gaba kawai gare su. Na raɓa ta gefensa na tsaya a bayansa, inda babu komai sai farar takarda. Suka yi ta ihu suna nemana, ba mai iya waiwaye. Haka na bi ta bayan garin duka har bakin falle, na rufe ido na yi tsalle.

Na sauka gaban wata rijiya a tsakiyar dawa, inda itatuwa ke tsiro da saiwa a sama. Dodo na zaune a bakin rijiyar, kansa a kan cinyarsa, yana cire masa ƙwarƙwata. Fallen mutuwarsa ya riga na faɗansa zuwa, an sare shi bai ga wanda ya sare shi ba. Bayansa dutse ne tsaye, ba hanya sai ta inda yake zaune.

“Ka ga wata tsohuwa?” na ce.

Ya murƙushe ƙwarƙwata ɗaya da farce.

“Don girman Allah, ka ga wata tsohuwa?”

Ya ci gaba da ƙwarƙwatarsa. Ina ganin hasken sama yana jirkicewa, ina jin zanena yana sassautawa a ƙuguna. Sai na tuna a bakin Inna ba abin da ke yiwuwa a karo na farko ko na biyu. Na tambaya na uku da kuka.

“Na gan ta,” in ji kan daga cinya. “Ta yi mini faɗa, wai ba nan ne wurina ba, sai bayan falle tara. Mace mai sanin ya kamata. Ta wuce bakin kogi. Ke kuwa ba ki wucewa, don doka ce in haɗiye budurwa kowace shekara kafin a ɗebi ruwa.”

“Ni na yi aure sau biyu.”

“Yunwa ba ta bar ni in yi bincike ba.”

Na dubi kan, na dubi gangar jikin, na ga tsakaninsu ba komai. Na ce, “To haɗiye ni, amma ka ɗaga kanka sama ka juya ƙeyarsa wajen dutse, kada in ga rijiya in firgita.” Ya ɗaga kan da hannu biyu can sama bisa dutsen, ya buɗe baki. Na hau gwiwarsa, na hau kafaɗarsa, na yi bisimilla na shiga. Duhu, wari, santsi, sai ga ni na zurara ta yankakken wuya na faɗo a bayan dutse. Ina jin shi yana cewa, “Kullum haka, ko ɗanɗano ba na ji.”

Daga nan na shiga gudu. Hanyar cike take da dabbobi masu neman a taimake su don su rama alheri daga baya. Tururuwa ta jefa kanta a kududdufi da gangan tana kallona. Kurciya ta tura ƙafarta cikin tarko. Kifi mai takalmi ya kwanta a rairayi yana haki. Kowanne na kira, “Cece ni, wata rana zan cece ki.” Na san ka’ida sarai, auta takan tsaya wa kowa. Amma auta ba ta da uwa mai siranta a gaba. Na tsallake tururuwa, na kauce wa kurciya, na taka wa kifi takalmi ban ce sannu ba. Ina jin su a bayana suna cewa, “Ai ’yar fari ce, dama.” Maganar ta soke ni, don da safe ma abin da na yi ke nan.

Na iso inda hanya ta rabu biyu. A tatsuniya ana barin mai kyau a bi mai ƙaya. Amma autoci sun bi mai ƙayar har ta yi sumul, mai kyau kuma da aka daina bi ta cika da ƙaya, yanzu ba mai sanin wacce ce wacce. Na tsaya ina juyi, ina kiran Inna, muryata ma ta fara zama siririya. Na shafa bayana na ji ƙashin ya lafe. A nan na yanke ƙauna, na zauna a ƙasa. Da zaman ne idona ya faɗa kan wani ɗigo a gefen hanyar hagu, ja mai ruwan ƙasa. Na san duk launukan da ke cikin ƙoƙunan Baba, babu wannan. Tofin goron Inna ne. Na bi shi ɗigo bayan ɗigo.

Kogin a tsaye yake, yana gudu daga ƙasa zuwa sama, rabinsa shuɗi rabinsa fari, don shuni ya ƙare wa Baba a wannan falle. A gindinsa, kan wani dutse, ga Inna zaune da soso da sabulu. Idonta garau, fuskarta a sake, rabon da in gan ta haka tun Baba na da rai. Ƙasar a hargitse take, kanta ma a hargitse, sun dace da juna. Har ta sami aiki, ita ce tsohuwar bakin kogi mai jarraba matafiya.

“Inna,” na ce.

“Yarinya, sannu da hanya. Yaya sunanki?”

“Gwamma.”

“Gwamma,” ta ce. “Suna mai daɗi. Gwamma, zo ki cuɗa mini baya.”

Shekara arba’in da biyu ina son jin wannan suna a wannan baki. Da na ji shi sai na gwammace a mare ni, don ta faɗe shi ne saboda ba ta san ni ba.

Na zagaya bayanta. Ya yi siriri har ina hango kogin ta cikinsa. In na sa soso zai yage, in na zuba ruwa zai narke. Na ajiye soson, na jiƙa tafin hannuna kaɗan, na shafa a hankali daga wuya zuwa ƙugu, ta kan tabon ƙaho biyu da ke ƙarƙashin kafaɗarta. Ina shafawa ina kawar da fuska kada hawaye ya ɗiga ya huda ta.

“Hannunki da taushi,” ta ce. “Uwarki ta yi tarbiyya. To ga ladanki.”

Ta janyo ƙoƙo ƙarami da masaki babba, kowanne rufe da faifai. Nan take kogi ya fara raɗa, duwatsu suka ɗauka, har tsuntsayen da ke tashi da baya suka sa baki: ƙaramin, ƙaramin, ɗauki ƙaramin.

“Me ke cikin ƙaramin, Inna?”

“Shanu, da gari, da miji nagari. Ki zauna cikin daɗi, ba ciwo ba gajiya, har abada.”

“A nan?”

“A ina kuma?”

“Ki tashi mu tafi gida.”

“Nan ne gida,” ta ce. Ta shafa dutsen da take kai. “Malam ne ya zana wannan. Duk inda na duba hannunsa nake gani.”

Haske ya riga ya bar rabin falle. Ban san ƙofar fita ba, ba wanda ya faɗa mini, dabbobin da za su nuna mini kuwa na tsallake su. Na durƙusa tsakanin ƙoƙo da masaki, na bi tatsuniyoyinta ɗaya bayan ɗaya a kaina ina neman wanda ya taɓa fita. Auta takan ɗauki ƙarami ta sami gari ta zauna can. Jarumi yakan auri ’yar sarki ya zauna can. A duk bakin Inna mutum ɗaya ne ke komawa ƙofar gidansu, ita ce ’yar fari, da bala’in masaki a bayanta yana korarta.

Na kama masakin. Ya ƙi ɗaguwa. Na sake, ya ƙi. A na uku ya taso.

“Kash,” in ji Inna. “Na ɗauka ke ’yar kirki ce.”

“Mai haɗama ce ni,” na ce. “Har ke zan haɗa.”

Na sunkuce ta, ba ta fi nauyin faifai ba, na goya ta da mayafina na ɗaure tam. Sannan na sa ƙafa na ture murfin masakin. Ƙudan zuma suka fito, da rina, da macizai masu takalman ƙarfe, da bulalai masu ƙafafu suna tsalle. Gabana kuma takarda ta tsage, hanya ta buɗe miƙe, wadda ban gani ba a da.

Na yi gudun da ban taɓa yi ba. Bulala na tsula mini a sangali, rina na harbina a fuska, ni kuwa ina juya jiki don su same ni su bar ta. Ita ma ba ta bar ni ba. Tana dukan kaina, tana cizon kafaɗata, tana kuka tana cewa, “Gwamma, sauke ni. Gwamma, me na yi miki? Ki bar ni wurin Malam.” Wannan ya fi bulalar ciwo. Har yau ban sani ba ko don ita na ƙi sauke ta ko don kaina. Muka wuce dodo, muka wuce duwatsu masu fuska, na ji Ɓarau yana cewa, “Ku duba, tamu ce.” Da kowane falle tana ƙara nauyi, har gwiwata ta fara lanƙwashewa. A bakin na ƙarshe haske saura faɗin yatsa. Na faɗa cikinsa da fuska.

Muka zube a kan tabarma gindin taga, ana kiran la’asar. Fuskata a kumbure, ƙafata na jini. Inna na kwance a gefena da nauyinta duka, da inuwarta, idon nan ya koma hazo, ta kuma jiƙa zanenta. Na shafa bayanta na ji ƙashi da tsoka. Ta dubi rufin ɗaki kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

“Inna, wace ce ni?”

Ta ci gaba da duban rufin.

“Inna, kin san ni?”

Ta yi ta murza bakin tabarma. Na ji tsoro ya kama ni cewa na fizgo ta daga inda take da hankali na kawo ta inda ba ta da kowa.

“Inna, faɗi sunana. Ɗazu kin faɗa.”

Ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sai ta kawar da fuska wajen bango, ta ja gefen mayafi ta rufe baki.

“Ku ji mini waccan da rashin kunya,” ta ce wa bangon. “Ke, ruwan nan fa ya huce.”

Iyakar tafiyata ke nan, ya ku masu sauraro. Wanda ya je ya dawo da shanu ya ba da labarin shanunsa, ni abin da na dawo da shi ke nan. Na mai da fallayen cikin gafaka yadda suka zo hannuna, na rataye ta can sama inda hannunta ba ya kaiwa, na fita na hura wuta.